Tekun Hayin Dogo

Ban taɓa ganin teku ba.
Iyakata Kubanni in ta kawo da damina,
sai Galma, ranar da motarmu ta mace a kan gada.
Amma ga ni a Hayin Dogo, ɗaki ciki da falo,
da akwatin gilashi mai shan jarka huɗu,
da gishirin da ya kwana biyu a motar Ikko.

"Ba na miya ba ne," na ce da Ladidi.
Ta lasa, ta tofar, ta ce, "Nawa?"
Na faɗa mata rabi.

Ruwan rijiyarmu bai yi ba, sai tatacce.
Na dama, na auna, na ƙara, na sāke aunawa,
na jera duwatsu masu ƙofofi kamar shurin gara,
na shimfiɗa farin yashi, na kunna famfo.
Sannan na jefa jatan lande guda, matacce,
na bar shi ya ruɓe. Haka aka ce in yi.
Baƙon farko a tekun nan gawa ce.

Tasi'u mai gyaran babur ya leƙo ta taga:
"Malam, ina kifin?"
Na ce akwai waɗanda za su riga shi tarewa,
ƙwayoyin da ido ba ya kama su,
su ne za su cinye dafin kafin a sa mai rai.
Ya daɗe yana dubana.
Ya ce, "Allah Ya sawwaƙe."

Kullum in na dawo daga masallacin asuba,
ɗigo takwas a 'yar kwalba, girgiza, jira.
Rawaya ake nema, kore nake samu,
kore shar kamar miyar kuka.
Da koren ya fara ja da baya
sai kwalba ta biyu ta ce ita ma ga ta,
daga ruwan sararin sama ta rine shunayya
ta ƙi sauka.

Mako na uku, wani jan datti ya lulluɓe dutse.
Na ɗauko soso.
Ladidi ta riƙe min hannu:
"Inna in ta rufe kalwa ba ta leƙawa.
Wari ba lalacewa ba ne. Daddawa ce a hanya."
Na mayar da soso bayan randa.

Sai taransifomar layinmu ta yi bindiga ranar Laraba.
Famfo ya yi shiru, ruwa ya kwanta.
Ba ni da janareto, ludayi gare ni.
Na zauna ina kamfata ina shekawa,
ina kamfata ina shekawa,
ina shayar da iska ga jama'ar da ban taɓa gani ba,
ban ma tabbata sun zo ba.
Wajen biyun dare kafaɗa ta ƙage.
Ban ji tashinta ba,
sai dai na ji an zare ludayin daga hannuna.
"Jeka kwanta. Rabin kuɗin da ka ɓoye, na sani."

Kwana talatin da tara.
Kwalbar farko rawaya, ta biyu ruwan sama.
Na fita tsakar gida na ɗaga su a rana
don kada a ce fitila ce ta ruɗe ni.
Ba guɗa, ba tafi.
Akuyar maƙwabta ce kaɗai shaida.

Kifin? Kuɗinsa sai ƙarshen wata.
Biyu ne, ruwan lemo, masu farin ɗamara,
suna can wani shago da ban san hanyarsa ba.
Kafin nan gishiri na bushewa a bakin gilashi,
ɗan Tasi'u ya dangwala ya kai baka,
ya ruga waje yana shela
wai teku na gidanmu.

Ubansa har yau bai daina tambaya ba.
Amma jiya da kujerarsa ya zo.