Hasumiya a Ƙarƙashin Gonar Inabi

Baba Firmin ya bar min gida a Damery,
da rufin da ke yoyo ta kusurwar gabas,
da akwatin katako mai aljihu tara.
A na can ƙasa, naɗe cikin rigar sanyinsa,
na tarar da ita kwance, fara sol,
katantanwa mai tsawon kamuna har da ɗoriya.

Ya tono ta shekarar da aka haife ni,
yana faɗaɗa ɗakin ƙasa don gangunan inabi.
Diga ta ce ƙwas, sai ya jingine diga,
ya koma sassaƙar rairayi da cokalin shayi,
kwana goma sha ɗaya, in ji Inna,
miya na hucewa a kan tebur.

Takardar da ya ɗaura mata ta yi jawur.
Cerithium, ya rubuta, sannan ya soke,
a ƙasa da wata tawada: Campanile giganteum.
Tana barci masana suka sauya mata gida,
suka ware ta daga waɗancan dangi,
suka kafa zuriya da sunanta.
Ba wanda ya nemi shawararta.
Hasumiyar ƙararrawa ke nan a bakin Italiyawa,
amma a babban littafi ajinsu ɗaya
da dodon koɗin da ke cinye min latas da asuba.

Na ɗora yatsa a tsini ina ƙirga hawa.
Tsinin ya gutsire, rairayi ya ci rabonsa.
Hawan farko ƙanana ne, zanensu siriri
kamar zaren da aka naɗe a mazari.
Daga tsakiya ƙulle-ƙulle suka fito,
jere a kafaɗar kowane zagaye,
suna ƙara ƙiba yayin da ake gangarowa.
Na kai ashirin da biyu, ƙirga ya ɓace min,
na sake daga sama.
Leɓen bakin ya karye, kamar na yawancinsu,
sai na leƙa ciki na ga ginshiƙi,
da tudu biyu suna murɗawa a jikinsa,
matattakalar da mai gida ya hau shi kaɗai.

Shekara miliyan arba'in da biyar, aka ce.
Nan inda sanyi ke ƙone furen inabi a Afrilu
teku ne mai ɗumi, marar zurfi,
ita kuwa tana jan wannan gini a bayanta,
tana kiwon gansakuka ba gaggawa.

Baba ya zana taswira a bayan takardar haraji:
ɗigo a Damery, ɗigo a Fleury tsallaken tudu,
ɗigo a Grignon, yamma da Paris,
duk cikin kwarin da ruwan ya kwashe ya bari.
Sai kibiya doguwa da ta fita daga takardar,
ya rubuta a gefe: saura ɗaya mai rai,
ƙaramar 'yar'uwa, kudu maso yammacin Ostareliya.

Can ne Gaëtan yake.
Ƙanena, mai gyaran injin jiragen kamun kifi,
shekara tara ke nan ba wasiƙa,
jana'iza ma furanni ya aiko.
Ban sani ba ko Baba ya ja kibiyar
kafin tafiyarsa ko bayanta.
Tawadar ba ta faɗa.

Na yanko sabon kati, na zauna.
Suna, na kwafa. Dangi, na kwafa.
Tsawo: santimita arba'in da bakwai, ban da abin da ya gutsire.
Wanda ya samo: Firmin Lhuillier.
Inda aka samo: ƙarƙashin ɗakin girkinmu.

Na kara ta a kunne, irin na yara.
Ba teku a ciki,
sai rairayi da ya zubo min a wuyan riga.
Na tattara shi a ambulan, kusan rabin cokali,
ina neman inda na ajiye adireshin Albany.