Ƙasa-ƙasa, Sannu-sannu

A bayan gonar tuffa, can gefen Chimayó,
muka same ta durƙushe, ko taya ɗaya babu:
Chevrolet Caprice, ƙirar sittin da shida,
tsawonta ya kusa ciki da falo.
Kaji sun mai da kujerar baya akurki.
Ƙwai uku muka tsinta a ƙarƙashin sitiyari.

Doña Eufemia ta ce dala ɗari takwas
da lodin itace biyu kafin ƙanƙara ta sauka.
Ranar da muka zo jan ta, ba ta fito ba.
Labule dai na ga ya motsa.

Ni da wana Amarante
ba ma shan inuwa ɗaya in ana zancen ƙarfe.
Shi ya ce a mai da ita yadda kamfani ya haife ta,
kowane noti a gidansa, fenti ruwan madara.
Ni na ce a sauke ta ƙasa
har cikinta ya riƙa gaisawa da kwalta,
a shafe ta da ja irin na barkonon da ake shanyawa
a bakin ƙofofinmu cikin Oktoba.
Ya ce, "Tsohuwa za ka sa wa jambaki?"
Na ce, "Tsohuwar ce ta roƙa."

Hunturu huɗu a gareji.
Tsatsa ta ci gindin but kamar gara,
in ka taɓa da yatsa, sai rugus.
Muka yanke, muka yi walda, muka goge,
muka sake yankewa.
Kafireto kwana tara yana jiƙe a bokiti.
Madubin gefe daga Nebraska ya zo, a fashe.
Akwai wani noti a bakin salansa
da ya ƙwace mini farce da rabin Asabar,
har yau ban yafe masa ba.

Da muka ɗaga kujerar baya
sai ga takalmin jariri, ƙafar hagu, fari,
da rasit ɗin man fetur na saba'in da ɗaya.
Amarante ya sa takalmin a aljihun rigarsa
bai ce komai ba.

A hunturu na uku idonsa ya fara hazo.
Sifana ta riƙa kuskure kan noti.
Sai ya jawo kujera kusa da bonet,
ya zama kunnen gidan.
"Fulogi na biyar yana ƙarya," in ji shi.
In buɗe in duba: yana ƙarya.

Ranar fenti na tsaya da gwangwani biyu.
Ja ya hau jiki.
Rufin sama na bar masa ruwan madara,
ko da yake ba zai bambance ba.
Ya shafa da tafin hannu, ya ce, "Ka yi kauri a nan."

Lahadi muka ba ta wuta.
Ta yi tari, ta yi tsaki, ta yi shiru,
sannan silinda takwas suka haɗa baki,
gum-gum-gum,
har kwanon rufi yana amsawa.

Ba mu nufi babban titin Española ba
inda samari ke sa motoci tsalle.
Gonar tuffa muka koma.

Doña Eufemia ta karɓi takalmin,
ta juya shi, ta duba ƙasansa.
"Wannan na Leandro ne. Jikoki gare shi yanzu a Denver.
Duk gidan na birkice ina nema."

Ta shiga baya, inda kaji suka yi mulki.
Na taɓa maɓalli, mota ta russuna mata
kamar yaro mai ladabi.
Muka tafi, ƙasa-ƙasa, sannu-sannu,
wani kare ma ya wuce mu.

Can wajen gada ta dafa kafaɗata.
"Mijina," ta ce, "bai taɓa tuƙa ta a hankali haka ba.
Shekara goma sha ɗaya muna bin hanyar nan,
yau na fara ganin akwai kogi."

Amarante ya karkata kai wajen injin.
"Na biyar ɗin nan dai," ya ce.