Akwati na Arba'in da Ɗaya

A Wakefield, ƙarƙashin ɗakin karatu,
matakala goma sha tara ake sauka.
Can nake wuni, ni da sanyi da warin tsohuwar takarda.
Ba a shiga da biro, sai fensir.
Hannu a wanke, murya ƙasa-ƙasa.

Akwati na arba'in da ɗaya
na waɗanda aka kulle ne suka ƙi yin shiru.
Wani ya yi rubutu a takardar naɗa taba,
baƙaƙe ƙanana, kamar cinnaku sun ja layi.
Wani ya ƙirga takun ɗakinsa, shida zuwa, shida dawowa,
ya ce a lissafinsa tuni ya isa bakin teku.
Wani bai rubuta komai ba
sai yadda uwarsa ke gasa burodi.
Ya manta gishiri. Bayan wata uku ya ƙara shi a gefe.

Ni ke ba su lamba, abin kuwa yana sosa mini rai:
an ba mai rubutun lamba, ga rubutun ma na ba shi,
na kwantar da shi a duhu, na murɗa mabuɗi,
ziyara Talata da Alhamis.

Wata Alhamis ana yayyafi
Enid Thackray ta sauko tana dogara sanda,
shekara saba'in da huɗu.
Ta ce, ubana, Wilfred.
Ban tambayi laifinsa ba.

Wasiƙa ce da ba ta taɓa ƙetare ƙofa ba.
Gandiroba ya shafe layi guda da tawada,
baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.
Ta karanta sama, ta karanta ƙasa,
ta tsaya a bakin baƙin kamar mai jiran fito.

Sai na tuna, mai damuwa danna fensir yake yi.
Na kifa takardar, na karkato fitila,
ga sawun ya taso ta baya, a juye,
kamar sawun tsuntsu a laka.
Da madubin jakarta muka bi shi, harafi harafi:
a saya wa Enid takalmi, nata ya matse ta.

Dalilin shafe wannan, Allah masani.

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.
Ta ce, an saya. Ja ne. Ya yi mini yawa.

Ƙarfe biyar na mayar da Wilfred wurinsa,
tsakanin mai burodi da mai ƙirgan taku.
Na kashe fitila.
Na ɗan jima a tsaye
kafin na murɗa mabuɗin.