Mitar Ruwa

Takardar kuɗin ruwa ta zo ran Talata, Edna.
Ta faɗo ta kafar ƙofa tare da tallan kanti.
Na sa tabarau, na zauna a kujerarki
don ita ta fi kusa da taga.
Ba galan a ciki, ba fayint.
Kyubik mita, in ji su,
sai ka ce ruwan Grimsby ya sauya yare ina barci.

Shekara arba'in da ɗaya na yi a bakin tasha
ina auna tankin jiragen kamun kifi da inci.
Ban taɓa riƙe mita a hannu ba.
Mitar da na sani taki ce:
"Wilf, famfon nan yana ɗiga."
"Wilf, ɗigar nan za ta ga bayana."
Ni kuwa in yi kunnen uwar shegu,
in ce gobe, in ja jarida in rufe fuska.

Yanzu sun dasa wata mitar a bakin titi,
ƙarƙashin murfin ƙarfe, inda kare ke shinshina.
Ita ba ta ɗaga murya.
Ƙirga take, ta kai rahoto.

Daren Laraba na ɗauko tulun madararki,
mai shuɗin baki, wanda hannunsa ya tsage.
Fayint guda yake ci, oza ashirin cif.
Na tara shi ƙarƙashin famfo da ƙarfe tara.
Ɗis.
Ɗis.
Na zauna gadi kamar mai jinya.
Sha biyun dare ya kawo wuya.

Awa uku, fayint ɗaya.
Wuni da kwana, takwas ke nan,
takwas kuwa galan ne, wannan ko a mafarki na sani.
Na juya ambulan, na lashi bakin fensir.
Galan ɗari biyu da ashirin
suke haɗuwa su tayar da kyubik mita guda.
Tulun nan sai ya cika ya zube
sau dubu da ɗari bakwai da sittin
kafin lambar ƙarshe ta motsa a takardarsu.
Da yayyafi kogi kan cika, ba musu,
amma wannan kogin rarrafe yake.

Galan ɗaya a rana.
Kwana ɗari biyu da ashirin.
Sai hannuna ya tsaya.
Na tashi na ɗaga kalandar da ke bayan ƙofa,
na bi da yatsa baya-baya,
na wuce Kirsimeti, na wuce faɗuwar ganye,
na wuce ranar da na kwashe takalmanki,
har na iso ranar da muka kai ki.
Ɗari biyu da goma sha takwas.
Saura kwana biyu ki cika mita.

Fam huɗu da 'yan kwabbai, haka jadawalinsu ya ce.
Duk dararen nan da gidan ya yi tsit
in ban da wannan ɗigar da ke amsa agogo,
kuɗinsu bai kai na kifi da dankali ba.

Robar gyaran tana nan a aljihun tebur,
cikin takardar da kika naɗe ta,
kin rubuta sunana a kai, kin ja layi biyu.
Jiya Declan ɗan Maureen ya leƙo da sifana,
ya ce, "Kaka, minti biyar ne."
Na ce ya sha shayi tukuna.
Na ja shi da hira har motarsa ta kusa tashi.

Da safe nakan juye tulun a tukunyar furenki,
ja ɗin nan da na kasa riƙe sunansa.
Ya yi toho biyu.
Sauran ruwan ya bi rariya ya koma teku,
wadda ba wanda ya taɓa kai wa takarda.

Ran Juma'a lambar za ta juya.
Zan ɗaga murfin in duba, in gwiwa ta yarda.
Ci gaba da mitarki, Edna.
Zan biya.