Rumfar Caji a Kwangila

In an tashi makaranta ni ke jiran rumfar Yaya Muttaƙa,
gefen gadar Kwangila, inda tirela ke girgiza haƙora.
Waya arba'in a kan tebur, kowacce da igiya a baki
kamar 'yan awaki suna tsotso.
Cajin da kuɗi. Labarin kyauta.

Ba ni ke buɗe su ba, da kansu suke farkawa.
Wannan ta yi wal: an kashe tamanin.
Waccan ta yi gurnani: ruwa ya cinye gari.
Mai fasasshen gilashi ta ce kwalekwale ya kife a teku
da samari sa'annin Yaya.

Jiya na ga an zaro wani yaro daga ƙarƙashin bene
a wani gari da ban iya faɗin sunansa daidai ba.
Siminti ya mai da shi fari fat.
Silifas ɗaya a ƙafarsa, shuɗi,
irin wanda Inna ta saya wa Hansatu a kasuwar Sabon Gari
bayan ta yi ciniki har mai kaya ya gaji.
Ban gama kallo ba talla ta faɗo,
wani yana dariya, wai in sayi sabuwar waya.

Na gaya wa Inna. Ta ce, "Allah ya kyauta."
Ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba,
mudu ya ƙara kuɗi tun safe,
tsakuwar ciki ma sayen ta muka yi.

Shekarata goma sha shida.
An ce yaro bai san wuta ba sai ya taka.
To, mu a aljihu muke yawo da ita.

Malam Ɗanjuma ya rubuta a allo:
"Mene ne adalci? Maki biyar."
Na so in rubuta Lantana, maƙwabciyarmu,
da ta kwana a bencin asibiti da naƙuda
ana jiran kuɗin aiki,
da kuɗin suka haɗu, likkafani aka saya.
Na so in rubuta baban Tasi'u
da mota mai baƙin gilashi ta bi ta kan baronsa na lemo,
masu kaki suka zo, suka tambayi tsoho
wa ya ba shi izinin tsayawa a nan.
Sai na rubuta abin da ke cikin littafi.
Na ci biyar cif.
Kunyar makin nan har yau ba ta sake ni ba.

Da la'asar masu rasit kan zo, mutum uku, biro ɗaya:
kuɗin ƙasa, kuɗin inuwa, kuɗin hayaƙin janareto.
Yaya ya ƙirga musu da murmushi,
murmushin da kan mutu kafin su tsallaka titi.
Ya ce, "Kai dai yi karatu."
Shi ma ya yi.
Takardarsa na cikin leda a ƙasan katifa,
ta fi mu samun barci.

Nakan tuna yaron nan mai silifas.
Ko akwai rumfa irin wannan a garinsu,
wani ɗan sha shida yana gadin wayoyi,
sai labarinmu ya yi wal a gabansa,
shi ma ya kasa faɗin Zariya daidai?
Ya tsaya? Ko ya ja da yatsa ya wuce?
Ba na ganin laifinsa. Ni ma nakan wuce.
Yatsa ya fi zuciya sauri.

An kira magariba a masallacin tasha.
Mai ya ƙare, janareto ya yi tari ya yi shiru.
Kowa ya karɓi tasa, ya duba, ya ja tsaki:
"Ko cika ba ta yi ba?"
Na naɗe igiyoyi.

A zaure Hansatu ta tare ni, tana ɗingishi da ƙafa ɗaya,
wai in taya ta neman ɗayan silifas ɗinta.
Na kunna tocila.
Mun duba bayan randa, mun duba gindin turmi.
Inna ta ce a bari sai da safe.
Na ce a'a.
Yanzu.