Mai Jan Layi a Surulere

Shekara talatin da ɗaya na ja wa filin nan layi,
da bokitin farar ƙasa, da igiya, da ƙusa biyu.
Kafin alƙalin wasa ya hura usur,
ni na riga na yanke inda ƙwallo za ta tsaya.
Ba a taɓa kiran sunana a lasifika ba.

Yau na sauka daga danfo a Ojuelegba,
na taka, gwiwa tana ta yi mini mita.
Mai gadin ƙofa yaro ne, bai san ni ba.
Ya ce, Baba, wa kake nema?
Na ce, mutum dubu hamsin.
Ya yi dariya, ya karɓi goro, ya buɗe.

Ciyawa ta cinye layina.
Ƙadangare ya hakimce a kujerar manyan baƙi,
yana gyaɗa kai kamar an gabatar da shi.

A can, ƙarƙashin matakala ta tara,
Iya Morufu ke suyar ƙosai.
Bashina a bango take rubuta shi da gawayi,
ruwan damina ya biya mini sau uku.
A saman wancan dogon ƙarfe Okwudili ke hawa,
ya kunna fitilu, dare ya koma azahar,
ƙwari su taso tun daga bakin lagun su zo kallo kyauta.

Na tuna wasan ƙarshe na wata Asabar.
Sama ta tsage tun kafin a take,
layin raga ya narke ya bi ruwa.
Da aka tafi hutun rabin lokaci
na shiga da bokitina, tsamo-tsamo, ni kaɗai.
Wani ya fara tafi don shaƙiyanci,
sai gabas ta ɗauka, yamma ta amsa.
Hannuna ya yi rawa. Layin ya karkace.
Har gobe ba wanda ya sani, sai ni.

Na tuna Barau, mahauci daga Agege,
da ya bar damben gida ya sa safar hannu.
Zagaye na uku aka shimfiɗe shi.
Ya miƙe ana kan bakwai,
ya dubi alƙali ya ce, wa ke riƙe da takalmina?
Mun yi shekara muna tsokanarsa.
Mun kai shi makwanci a bara.

Makaɗa kuwa, da farko haushinsu nake ji,
su kafa katako a kan ciyawar da na yi reno.
Sai daren da wuta ta ɗauke ana tsakiyar waƙa.
Jita ta mutu, lasifika ta yi gum,
amma mai kalangu bai tsaya ba.
Aka ƙyasta ashana nan, aka ƙyasta can,
bakin mutum dubu hamsin ya ɗauki amshi.
Kande na bisa wuyana, shekararta biyar,
ba ta jin Yarabanci, amma ta fi kowa murya.
Yanzu tana Fatakwal, ta ce ba ta tuna ba.

Da safe na tsinci takalma arba'in da bakwai,
ba ko ɗaya da ɗan'uwansa.

Da zan fita, na tarar da yara a wurin ajiye motoci,
silifas huɗu ne ragarsu.
Gardama ta kaure: ta fita, ba ta fita ba.
Na ce, ku matsa.
Na kafa ƙafa, na ja sandata a kan yashi
daga gindin katanga zuwa bakin kwata.
Ƙaraminsu ya duƙa, ya kanne ido ɗaya,
ya ce, Baba, ya ɗan karkace.
Na ce, ku buga haka nan.