Talata a Tsohon Gidan Sardin

A Matosinhos, bayan kasuwar kifi,
akwai ɗakin da ake cusa sardin a gwangwani a da.
Har yau in an yi ruwa, bangon yakan tuna gishiri.
Ni ke jera kujeru. Talatin na jera,
mutum goma sha ɗaya suka zo, da kare guda.

Ondina Vilaça ta shigo da ƙaramin gogenta a hammata
kamar mai dawowa daga cefane.
Amílcar Seixas kuwa sai da na kama masa.
Ƙaton gogensa ya fi shi tsawo, ya fi shi ƙiba,
matakala goma sha huɗu, kowace da nishinta.
Shekara saba'in da tara, gwiwa ta ƙi,
shi kuma ya ƙi a ce ta ƙi.

Babu takarda a gabansu, ba su san gwaji ba.
Shekara arba'in da ɗaya ke nan,
har da tara da ba sa ga maciji
kan wani bashi da duk sun manta ko nawa ne.
Ba gaisuwa, ba haɗa ido,
amma duk Talata sai sun zo
tsirkiya ta faɗi abin da baki ya hana.

Ta goga ƙaro a izga. Ta jira.
Shi ma ya jira.
Shirun ya yi tsawo har wani ya yi tari,
sai Amílcar ya tsinci tarin nan
ya mayar da shi da yatsa ɗaya, can ƙasa,
kamar guga ya taɓa ruwa a rijiya mai zurfi.
Ta amsa da 'yar ƙara siririya,
kukan ƙyauren da ya daɗe bai sha mai ba.
Ya yi gunaguni. Ta yi tsaki.
Ya bi ta, ta kauce, ya tsaya,
ta dawo da kanta ta same shi inda ta bar shi.

Ba kiɗan da za ka tafi gida kana rerawa ba ne.
Wata mata ta tashi a minti na goma,
takun takalminta ma sai da suka saka a ciki.

Kunnen Ondina na hagu,
wanda goge ya jingina da shi shekara sittin,
bara ya rufe ƙofa.
Shi ya sa take tuɓe takalmi
ta shimfiɗa tafin ƙafa a katako.
Ta nan take jin sa yanzu.
Ya sani, bai taɓa faɗa ba,
sai dai ya ƙara danna ƙafar gogen a ƙasa.

Jirgin ruwa ya yi kuka daga tashar Leixões.
Suka matsa masa, kamar baƙon da ya tarar ana cin abinci.
Ya ci loma biyu ya wuce.

Can tsirkiyarta ɗaya ta tsinke, ta mare ta a kunci.
Ta ci gaba da ukun da suka rage.
Na lura da hannun tsohon:
daga nan har ƙarshe bai sake taɓa tasa ta huɗu ba.

Ba wanda ya ce a tsaya.
Isowa kawai suka yi,
mutum biyu, hanya biyu, ƙofa ɗaya.
Karen ne ya fara numfashi.

Wata ɗaliba ta matso da ɗan littafinta:
mene ne sunan wannan da kuka yi?
"Talata," in ji Ondina, tana laluben takalminta ƙarƙashin kujera.

Na je kashe na'urar ɗaukar sauti,
na tarar ban ma kunna ta ba.
Na faɗa wa Amílcar, murya na rawa.
"Madalla," ya ce. "Zo ka kama mini wuyan wannan.
Wani ya ƙara matakalar nan muna ciki."